Rigar Nas Daga Akwatin Kaka

Ni dai tun ina ƙarama ba a yi mini shaidar haƙuri ba. Abin da aka san ni da shi a gidanmu shi ne sa ido a kan abin hannun wani, kuma wanin nan, in gaskiya za a faɗa, mutum ɗaya ce tak: taubashiyata, ɗiyar Gwaggo ƙanwar babanmu. Wata huɗu kacal ta ba ni, amma duk abin da na zo nema a duniyar nan sai in tarar ta riga ni. Sunan kakarmu aka sa mata. Da aka tashi yaye ta aka kai ta ɗakin Kaka a Kurfi, daga yaye kuwa ba ta sake komawa ɗakin uwarta ba. Mu muna Dutsin-Ma inda babanmu ke aiki, sai an yi dogon hutu na damina ake cusa ni a mota a kai ni Kurfi in yi makonni.

Kaka ba ta kiran ta da komai sai Takwara, har kowa ya ɗauka, ni ma haka nake ce mata ba don ina so ba. "Takwara, zo ki sa mini zare a allura." "Takwara, ɗauko mini goro ƙarƙashin filo." Ni kuwa sunana 'yar Dutsin-Ma, sai ka ce wata baƙuwa ce ta ɓata hanya ta faɗo gidan. Ita ke kwana a bayan Kaka a kan gado, ni a katifa a ƙasa. Ita ta san inda ake ɓoye suga. Ba na cewa Kaka ba ta so na. Tana aje mini aya da goruba tun kafin in zo, in na yi zazzaɓi ita ke zama a kaina. Amma so irin na baƙo ake yi mini, wanda ake yi wa shimfiɗa a naɗe in ya tafi, kuma tun ina shekara tara na gane bambancin.

Wasanmu a tsakar gidan nan kusan duk na shiga kayan manya ne. Akwai bishiyar darbejiya kusa da rumbu, nan muke taruwa, mu da 'yan matan maƙwabta huɗu ko biyar. Yau mu zama malaman makaranta, mu fere karan dawa mu haɗa tabarau, kowa ta riƙe tsumagiya. Gobe mu zama masu dawowa daga Makka: a yafa zanin gado, a ɗora ƙunshin tsumma a ka, a manna takardar alewa mai ruwan zinariya a haƙori, a riƙa washe baki ana raba tsakuwa a matsayin dabino. Kaka muke kwaikwaya, don ita ta je Makka sau ɗaya tun kafin a haife mu, haƙorinta na gaske ne. In ta gan mu sai ta ce, "Sannunku da hanya, Hajiyoyin bola," ta yi ta dariya. A wannan wasan ma Takwara ce babbar Hajiya, wai ai ita ke da sunan. Ni ce mai ɗaukar jaka.

To a wannan shekarar sai na zo da abin da a ganina ba wanda ya isa ya ƙwace mini. A gidan hayar da muke zaune a Dutsin-Ma akwai wata ma'aikaciyar asibiti, Kirista ce daga kudancin Kaduna, muna ce mata Anti Nas. Kullum da safe sai na laɓe a bakin ƙofa na kalli fitarta. Farar riga ta sha sitaci da guga, 'yar hula a tsakiyar kai, farin takalmi, sai wani ɗan agogo da take maƙalawa a ƙirji, a juye, yadda in ta sunkuyar da kai za ta ga lokaci. Na san yadda take kama wuyan hannun mara lafiya tana duban agogon nan. Na san yadda take ɗaga sirinji sama ta ɗalle shi da yatsa kafin ta yi allura. A cikin yaran da na sani a Kurfi ba mai wannan ilimin sai ni.

Ranar farko na zura tsohuwar singiletin babanmu da na ɗauko daga gida ba da saninsa ba, na naɗe takardar littafi na yi hula. Tsinken tsintsiya ya zama allura, 'ya'yan darbejiya suka zama ƙwayoyin magani. Muka ɗura ruwa a leda muka rataye a jikin taɓarya, ga ƙarin ruwa ya samu. Yara suka yi layi, wannan na tarin ƙarya, waccan na riƙe ciki. Takwara ta kwanta a tabarma, na caka mata tsinke da ɗan ƙarfi fiye da na kowa. Ranar ko abinci sai da aka yi ta kira na.

Bayan la'asar Kaka ta kira ni. Da sunan 'yar Dutsin-Ma dai, amma ni ɗin ta kira.

"Zo nan ki gaya mini, wai rigar mutanen asibitin nan yaya take?"

Wayyo ni! Na zauna na zayyana mata komai. Inda hannu yake tsayawa, aljihu nawa ne, maɓalli ta gaba yake ko ta baya, yadda hular ke da kusurwa. Har na miƙe tsaye na nuna mata a jikina inda tsawon yake kaiwa. Tana gyaɗa kai tana cewa, "To, to, na gane." Kwana biyu ina ganin ta da allura da zare da wani farin abu a cinya, in na matso sai ta rufe da gefen zani ta ce in je in yi wasa. Ni kuwa sai in yi kamar ban gani ba, in koma gefe ina murmushi ni kaɗai, wai kada in ɓata mata shiri.

Rana ta uku da hantsi muna ƙarƙashin darbejiya, labulen ɗakin Kaka ya ɗaga, Takwara ta fito.

Tsohuwar farar rigar marigayi kakanmu ce Kaka ta warware ta rage. Aljihu biyu, yadda na faɗa. Maɓalli ta gaba, yadda na faɗa. Hular kwalin suga ce aka lulluɓe da ragowar yadin, da kusurwarta, yadda na kwatanta da hannuna. Tsawon ma daidai inda na nuna a jikina, tunda kanmu ɗaya da ita. Wato ni aka auna, ita aka ɗinka wa.

Layin da ke gabana ya watse ya koma gabanta, ko waiwaye babu. Aka bar ni tsaye da singileti mai huda a hammata da hular takarda da zufa ta fara jiƙawa. Na tafi wurin Kaka ina huci.

"Hajiya, ai ni na kawo wasan!"

"Ke kina ganin ta gaske kullum a garinku, ita ina za ta gani? Ku riƙa karɓa-karɓa mana. Ta sa da safe, ki sa da marece."

Takwara ta biyo ni har ƙofar ɗaki, ta ce in ina so in fara sawa, ita ta jira. Wannan kirkin nata shi ya fi komai ƙona mini rai. Na ce mata ni ba na sa kwancen kowa, ta riƙe tsummanta.

"To a ɗinka mini tawa," na ce wa Kaka.

"Da mi? Rigar kakanku ta ƙare. Ba sauran farin ƙyalle a ɗakin ga, ɗiyar nan."

Nan ne zuciyata ta ƙulle, domin na san akwai. Kwanaki kaɗan kafin nan ta buɗe akwatinta na ƙarfe za ta ɗauko turare, ina tsaye a bayanta, na hango a can ƙasa wani yadi a ninke cikin leda, mai yawa, fari ƙal. Sai na yanke hukunci ni kaɗai: Kaka ƙarya ta yi mini ido da ido, Takwararta take ɓoye wa.

Mako guda ina kallo ana ɓata mini wasa. Takwara ba ta iya komai ba, wallahi. A goshi take sauraron bugun zuciya. Allura a tafin ƙafa take yi. In na ce ba haka ake yi ba, sai wata 'yar maƙwabta mai bakin tsiya ta ce, "To ke ina rigarki?" Na ƙi zama mara lafiya, na ƙi zama mai raba kati. Na koma kan turmi na zauna ina cika ina batsewa, ina addu'ar miyar kuka ta zube a gaban rigar nan. Ba ta zube ba. Kullum da marece Takwara za ta cire ta, ta kaɗe, ta rataye a igiya, Kaka na daga zaune tana cewa, "Sannu da aiki, likitata."

Sai ga ranar da Kaka za ta tafi suna Rawayau. Ta ci ado tun da safe, ta hau bayan babur, ta bar mu a hannun Gwaggo, wadda gidan mijinta ke nan bayan layi. Gwaggo ta shigo ta kama wanki a bayan ɗaki. Makullin akwati a bakin zani Kaka take ƙulle shi, ba ya rabuwa da ita. Amma ranar ta sauya zani, na zaman gidan kuwa ga shi rataye a kan ƙyaure da ƙullinsa. Gwaggo ta aiki Takwara kai niƙa. Ai kuwa ban tsaya shawara da kowa ba, har da zuciyata.

Da na ɗaga murfin wani ƙamshi ya buso, na kafur da tsohon turare. Na ture zannuwa na jawo ledar. Yadin ya fi yadda nake zato yawa, ga ɗan tauri, ga wani shatin ruwa a jikinsa, alamar an taɓa jiƙa shi ya bushe ba a goge ba. Na ce a raina ɗaki ne ya yi yoyo. Na warware, na auna daga kafaɗa har ƙasa, na ninka biyu, na ƙara da gangan don kada rigar Takwara ta ko kusa tawa tsawo. Na sa almakashin Kaka na ɗan tsaga bakin, na ja da hannu biyu, ƙyaaat, ya rabu. Na ninka shi tsakiya na yanke wurin da kai zai shiga. Ɗinki ban iya ba, kuma ba lokaci, don haka na bar gefunan a buɗe, na yagi wani siriri na ɗaure ƙugu, na yagi wani na ɗaure kai. Sai abu na ƙarshe, wanda Kaka ta manta ba ta yi wa Takwara ba: na ɗauko shuɗin biro daga jakata na zana agogo a ƙirji, ta hagu, a juye. Na mai da sauran yadin, na kulle, na mai da makulli bakin zani.

Na ɗaga labule na fito yadda ta fito.

Kai jama'a! Rigar tana jan ƙasa, hannuwan sun zubo har sun rufe mini yatsu, amma farinta a cikin ranar nan har kashe ido yake. Ta Takwara da ke rataye a igiya sai ta koma ruwan koko. Yara suka yo kaina. Mai bakin tsiyar nan ita ta fara cewa, "Tabɗi! Wannan ai ita ce babbar likita." Suka ga agogo suka yi ta taɓawa. Na riƙa kama wuyan hannunsu ɗaya bayan ɗaya, ina sunkuyar da kai ina duba lokaci. Amma hankalina ba ya kansu, yana bakin zaure. Takwara nake jira.

Ta shigo da robar niƙa a ka. Ta yi taku uku ta tsaya cak. Ta dubi rigar daga wuya har ƙasa, ta dubi ɗakin Kaka, ta sake dubana. Ta sauke robar a hankali. Sai hawaye suka zubo mata.

Ba zan yi ƙarya ba, kuma na sha neman gafarar Allah a kan wannan: ban taɓa jin daɗi a yarintata irin na wannan lokacin ba. Tun da na yi wayo nake jiran ranar da za ta kalli abu a jikina ta yi kuka.

"Cire," ta ce. "Don Allah ki cire."

"A'a, kuka kike? Ai ba ki fara ba. Zo ki kwanta in yi miki allurar baƙin ciki."

"Don girman Allah ki cire kafin wani ya gani."

"Kowa ma ya gani! Ke kaɗai aka halitta wa farar riga?"

Na buɗe hannuwa na yi juyi a gabanta har sau biyu, yara na tafi. Ta kwasa da gudu ta yi bayan ɗaki. Na ɗaga murya na ce ta je ta kai ƙara har Katsina.

Gwaggo ta fito da kumfa a hannu. Tana ganina ta dafe ƙirji ta ja salati, irin wanda ake ja in an aiko da rasuwa. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Na shiga uku ni 'yasu!" Ta kori yara da hannu ɗaya, ta finciko ni da ɗayan ta tura ɗaki. Ta kwance ɗaurin ƙugun, ta zare mini rigar ta ka, tana tofa mini addu'a.

"Kin san abin da kika sa a jikinki? Likkafanin Hajiya ne!"

Kalmar na san ta, abin ne ban taɓa gani ba, don ba a barin yara kusa da gawa. Gwaggo ta zauna bakin gado tana magana tana share hanci. A Makka Kaka ta saye shi. Da hannunta ta tsoma shi a ruwan Zamzam, ta shanya shi a can ya bushe, ta rungumo shi a cinya har gida. Shatin da na ɗauka na yoyon ɗaki ne, shi ne. Ga gwiwoyin Kaka yanzu sun gaza, ba sauran komawa Makka. Abin da ya fi tayar wa Gwaggo da hankali kuma shi ne yadda na yanka shi: a ninka biyu, a fidda wuya, ba ɗinki, a yagi siriri a ɗaure. Haka ake yi wa mamaci riga, ba ragi ba ƙari. Ta fito daga wanki ta ga ɗiyar wanta tana juyi a tsakar gida cikin shigar da ake kai mutum kabari da ita.

Don tsoro har fitsari ya kama ni. Amma ku ji tambayar da ta fara fita daga bakina, don ku san irin yarinyar da nake ba ku labarinta.

"To ita Takwara yaya aka yi ta sani?"

Tana tsaye jikin ƙyaure, idonta jajur. Ta ce, "Hajiya ta nuna mini tun bara. Ta ce in ranar ta zo, ni zan nuna musu inda yake."

Wato kukan ma da na yi ta murna da shi ba nawa ba ne. Ba rigata ce ta ba ta haushi ba, kakarta take yi wa kuka. Ni ina can ina haukan ƙyalle, ita an riga an ba ta amanar da ta fi kowace girma a ɗakin nan. Tsoro na cina, kunya na cina, ƙyashi kuma ya samu wuri a tsakaninsu ya zauna daram.

Gwaggo ba ta dake ni ba. Ta ce, "Bari mai shi ta dawo." Da ma dukan ta yi na huta. Na wuni a lungun rumbu, abincin rana ban taɓa ba, duk ƙarar babur da na ji sai in leƙo in ga ko Kaka ce.

Da la'asar Kaka ta dawo, da ƙunshin kayan suna a hannu. Gwaggo ta tare ta tun daga zaure tana magana ƙasa-ƙasa. Kaka ta saurara har ƙarshe. Ta aje mayafi, ta yi alwala, ta yi sallarta a natse kamar da gayya. Sai da ta shafa addu'a ta ce, "Ku kawo shi. Ku kira mini 'yar Dutsin-Ma."

Na durƙusa nesa da ita. Ta shimfiɗa abin da na yanka a kan ƙafafunta, ta auna da kamun hannu, ta sa yatsa ta bi bakin wuyan.

"Wa ya koya miki fidda wuya?"

"Ba kowa."

"To kin iya." Ta kai kan zanen biro. "Wannan fa mi ne ne?"

"Agogo ne."

"Ya na gan shi a juye?"

"Haka na nas yake. Don mai shi ta riƙa gani."

Ta ƙura masa ido. Sai na ga haƙorin Makka ya ɗan leƙo.

Gwaggo ta ce a ba ta ta wanke tawadar da ƙurar da bakin rigar ya kwasa yanzu-yanzu, ko kuma a aika wa babanmu ya ba masu tafiya Makka bana sautun wani.

"Ki wanke?" in ji Kaka. "In kin wanke biro, Zamzam ɗin fa, ina za shi?" Ta kaɗe ƙurar da bayan hannu. "Wa ya ce muku ya lalace?"

Ni kuwa da na ga ba duka, sai kuka ya ƙwace mini, da shi da duk abin da na ƙunsa.

"Ai ke kika ce ba farin ƙyalle! Kuma ni kika auna kika ɗinka mata! Komai ita, komai ita!"

Gwaggo ta ce, "Ji marar kunya, ita ce ma da faɗa."

Kaka ta dube ni. Na ɗauka za ta jawo ni jikinta, ko ta ce ranar kasuwa za a nemo mini yadi. Abin da ta ce shi ne, "Share hancinki. Akwai cincin a ƙunshin can." Sannan ta juya. "Takwara, kama mini can mu ninke."

Ina durƙushe ina kallonsu su biyu, kowa ta riƙe kusurwa biyu, su matso su haɗa hannu, su ja baya. A gabana suka mai da shi leda, aka kulle akwati.

Wasan asibiti daga ranar ya mutu. Rigar Takwara ta ƙare a tatar gasara. Ni ba a ɗinka mini ba, ban kuma sake tambaya ba. Labari ya riga ni isa Dutsin-Ma, babanmu ya yi mini dukan da Kaka ba ta yi ba, kuma da lokacin aikin hajji ya zo ya ba wani abokin aikinsa sautu, aka kawo sabon yadi, shi ma an tsoma shi a Zamzam. Da kansa ya kai Kurfi. Aka ce magana ta wuce, ba wanda ya sake tayar da ita. Ni dai na ɗauka wanda na ɓata an yi kyauta da shi ko an jefar.

Na girma, na yi karatu, na zama malamar makaranta, ba nas ba. Ganin allura ma ba na so. Takwara ta yi aure nan Kurfi, gida uku tsakaninta da Kaka. Ina zuwa duk Sallah da duk hutu, in kai sabulu da turare, in zauna gefen tabarma, Kaka ta tambaye ni yara da maigida, ta sa mini albarka. Duk zaman da na yi a gabanta sai idona ya kai kan akwatin nan, in ji a raina har yanzu ni ce yarinyar da ta yanka mata likkafani. Sau da yawa na buɗe baki zan nemi gafara, sai Takwara ta shigo da kwanon fura, maganar ta koma ciki.

Kaka ta rasu wata safiya da damina. Ina cikin aji aka kira ni a waya. Kafin in sami mota, kafin mu wuce inda ruwa ya ci hanya, an gama komai. A bakin gari na haɗu da maza suna dawowa daga maƙabarta, ƙafafunsu duk laka. Ban ga fuskarta ba. Gwaggo da Takwara da wata dattijuwar unguwa su suka yi mata wanka. Da aka gaya mini haka na ce Allah ya ba su lada, kuma har cikin raina na faɗa, amma tsohon abin nan sai da ya motsa.

Ranar sadakar uku da hantsi, gida cike da mata, Takwara ta taɓa ni a kafaɗa ta ce in zo. Muka shiga ɗakin Kaka ta saki labule. Ta kwance makulli daga bakin zaninta, ta buɗe akwatin. Ƙamshin nan dai na kafur. A can ƙasa ga farin yadi a leda, ko ƙullin ba a kwance ba.

"Wannan shi ne wanda Kawu ya kawo," ta ce, tana nufin babanmu. "Ta ce kada a taɓa shi, a ba wanda ba shi da shi."

"To da me aka..."

"Da nata na asali. Ta ce rigar da 'yar Dutsin-Ma ta yanka ita za a fara sa mata, ita ce za ta taɓa jikinta. Ta ce duk jikokinta ba wanda ya taɓa yi mata riga sai ke." Ta goge ido da bakin mayafi. "Kuma ta yi mata daidai, kin san ba tsawo gare ta ba."

"Agogon fa?"

"Yana nan. Ya dusashe, amma yana nan. Ni na gyara mata shi a ƙirji."

Na zauna a bakin gadon da ban taɓa kwana a kansa ba. Na tambaye ta yaushe Kaka ta faɗi haka.

"Tun ranar, bayan kin fita. Kuma duk shekara in muka fito da shi ya sha iska sai ta maimaita. Ta buɗe wurin agogon ta yi ta dariya, ta ce ji aikin 'yar Dutsin-Ma."

Na fashe da kuka irin wanda ban yi ba ranar rasuwar. Takwara ta rungume ni tana cewa in yi haƙuri, addu'a za mu yi mata. Na riƙe ta ƙam, don ba ni da wanda ya fi ta a ɗakin nan. Amma ba rashin kaɗai nake yi wa kuka ba. Shekara ashirin da wani abu ina zuwa ina zama gaban tsohuwar nan da nauyi a ƙirji, tana kallona, tana riƙe da maganar da za ta sauke mini shi, maganar da tun ina shekara tara ba abin da nake so in ji daga bakinta kamarta. Ko sau ɗaya ba ta faɗa mini ba. Wannan ma Takwara aka gaya wa.